Garken Kanka ko Garken Gari: Zaɓen Mai Tantancewa a Jinginar Kuɗin Kirifto

Idan ƙudan zuma suka yi wa amya yawa, sai tsohuwar sarauniya ta fita da wani ɓangare na jama'arta, su dunƙule a reshen itace suna jiran a samo musu sabon mazauni. Sarauniya ba ta da ta cewa a wannan zaɓe. 'Yan leƙen asiri ne, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, suke bazama suna duba duk wani kogon itace, kowace ta dawo ta yi rawa a kan dunƙulen gwargwadon kyan wurin da ta gano. Martin Lindauer na ƙasar Jamus ya bi diddigin wannan al'amari a shekarun 1950, daga baya kuma Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ta Amurka ya nuna cewa taron ba ya tashi sai adadin 'yan leƙen asirin da suka taru a wuri ɗaya ya kai wani mizani. Ke nan jama'ar da ba ta da mai yanke mata hukunci tana iya tsayar da magana guda, muddin akwai ƙa'idar ƙidayar masu goyon baya.

Wannan matsala ce masu kuɗin kirifto suka fuskanta tun ran farko. Kuɗi ne da babu babban banki a bayansa, babu kuma akawu ɗaya da ke riƙe da littafin lissafi. Littafin yana hannun dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, ana ƙara masa shafi bayan shafi, kowane shafi yana ɗaure da wanda ya gabace shi kamar zoben sarƙa. To, wa zai rubuta shafi na gaba, wa kuma zai shaida cewa abin da aka rubuta gaskiya ne?

Daga gumin na'ura zuwa jingina

Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, ya amsa wannan tambaya da gasa: kwamfutoci su yi ta fafatawa wajen warware wani lissafi mai cin wutar lantarki, wadda ta riga ita ke rubuta shafi. Wata hanyar kuma, wadda Peercoin ya fara gwadawa a 2012, ita ce ta jingina. A nan mutum yana ajiye kuɗinsa a matsayin jingina, sai a ba na'urarsa damar rubuta shafi da yin shaida. In ya yi aikin da gaskiya a ba shi lada, in ya yi maguɗi a zaftare jinginar. Na'urar da ke wannan aiki, tare da jinginar da ke bayanta, ita muke kira mai tantancewa.

Ethereum, wanda Vitalik Buterin da abokansa suka ƙaddamar a 2015, shi ne misalin da za mu fi dogara da shi. Ya buɗe karɓar jingina a ƙarshen 2020, sa'an nan a ranar 15 ga Satumba, 2022 ya bar tsohuwar hanyar gasa kwata-kwata, abin da ya rage wutar da yake ci da fiye da kashi 99 cikin 100. Tsarinsa kuwa ga shi. An raba lokaci gurbi-gurbi, kowane gurbi daƙiƙa 12. Gurbi 32 ke yin zagaye ɗaya, watau minti 6 da daƙiƙa 24. A kowane gurbi ana zaɓar mai tantancewa ɗaya ta hanyar ƙuri'a ya rubuta shafi, a kowane zagaye kuma kowane mai tantancewa zai ba da shaida sau ɗaya. Sai masu kashi biyu cikin uku na dukan jinginar sun yarda ake buga wa shafuka hatimi, yadda ba za a iya sauya su ba. Mizanin ƙudan zuma ke nan, sai dai a nan nauyin jingina ake ƙidayawa.

Ƙofar shiga ba mai sauƙi ba ce, domin kafa mai tantancewa ɗaya yana bukatar ETH 32. A cikin 2025 kaɗai farashin ETH ya faɗi ƙasa da dala 1,500 a watan Afrilu, ya kuma haura dala 4,900 a watan Agusta. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya ninka: ETH 32 sun kasa dala 48,000 a wancan lokaci, sun wuce dala 156,000 a wannan. Ko a farashi mai rahusa, wannan kuɗi ya fi ƙarfin yawancin mutane. Daga nan ne hanya ta rabu biyu.

Hanyoyin biyu

Mai shanu yana iya ɗaukar makiyayi ya ce ga garkena, ka kula da shi shi kaɗai. Yana kuma iya kai 'yar saniyarsa ɗaya ya haɗa a garken gari. Haka abin yake a jingina. Keɓantaccen mai tantancewa shi ne wanda jinginar mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ce kawai ke bayansa. Ko dai mai kuɗin ya tafiyar da na'urar da kansa a ɗakinsa, ko ya biya wani kamfani ya tafiyar masa. Mai tantancewa na tarayya kuwa, kuɗin mutane masu yawa ake tarawa har su cika 32, a yi ta kafa masu tantancewa da su, ladan da aka samu a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba.

Tarayyar ma iri-iri ce. Akwai ta kasuwannin musayar kirifto, inda mutum ke miƙa kuɗinsa ga kamfani baki ɗaya. Akwai kuma irin ta Lido, wadda ta fara a Disamba 2020, da Rocket Pool, wadda ta biyo baya a Nuwamba 2021, inda wata manhaja da ke zaune a kan littafin kansa take karɓar kuɗin, ta ba mutum wata shaidar ajiya, stETH ko rETH, wadda zai iya sayarwa a kasuwa kamar kowace haja.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne batun mabuɗi. Kowane mai tantancewa na Ethereum yana da mabuɗi biyu. Na farko mabuɗin sa hannu ne, wanda na'ura ke amfani da shi dare da rana wajen ba da shaida. Na biyu mabuɗin cirewa, wanda ke nuna inda kuɗi za su koma in an tashi fita. A keɓantaccen tsari nagari, kamfani yana riƙe na farko, mai kuɗi yana riƙe na biyu. Saboda haka makiyayi yana iya yin sakaci har saniya ta rame, amma ba shi da ikon kai ta kara ya sayar. Gyaran da aka yi wa Ethereum a ranar 7 ga Mayu, 2025, mai suna Pectra, ya ƙara wa mai mabuɗin cirewa ƙarfi, domin yanzu yana iya umartar mai tantancewarsa ya fita ko da kamfanin bai so ba. A tarayyar kasuwar musaya kuwa duka mabuɗan suna hannun kamfani, abin da ke hannun mutum alkawari ne kawai. Waɗanda suka ajiye kuɗi a Celsius, wanda ya rufe ƙofar cirewa a Yunin 2022, da FTX, wanda ya durƙushe a Nuwamban shekarar, sun ga ƙarshen irin wannan alkawari.

Lissafin lada

Ladan jingina a Ethereum ya tsaya a wajen kashi 3 cikin 100 a shekara cikin 2024 da 2025, kuma tsarin an gina shi ne yadda rabon kowa zai riƙa raguwa in masu jingina suka ƙaru. Mai ETH 32 ke nan yana samun abin da bai cika ETH ɗaya ba a shekara. Lido tana cire kashi 10 cikin 100 na ladan, wasu kasuwannin musaya kuwa suna cire kashi 25 ko fiye. Alal misali, wanda ya zuba ETH 1 a Lido, in an sami 0.03, za a cire 0.003 a bar masa 0.027. Mai tafiyar da na'urarsa da kansa babu mai cire masa komai, amma shi ke sayen na'ura, ya biya kuɗin wuta da na intanet.

Akwai wani lissafin da malamai za su ji daɗin bai wa 'yan aji. A rana ɗaya akwai gurbi 7,200. A 2024 yawan masu tantancewa ya haura miliyan ɗaya. In aka raba miliyan ɗaya da 7,200, sai a ga mai tantancewa ɗaya zai sami damar rubuta shafi kusan sau ɗaya a kwana 139, watau bai cika sau uku a shekara ba. Tun da ƙuri'a ce, wani zai samu sau biyar, wani shekara ta ƙare bai samu ko sau ɗaya ba, alhali wani ɓangare mai tsoka na lada yana cikin rubuta shafin nan. Ita kuwa tarayya mai dubban masu tantancewa, sa'ar wannan tana cike rashin sa'ar wancan, sai ladan ya zo daidai wa daida kowane wata. Duk wanda ya taɓa auna tsawon tsirrai a gonar gwaji ya san wannan: tsiro uku suna iya yaudarar mai bincike, amma tsiro dubu uku ba sa yi.

Horo iri biyu

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar na'ura ta mutu shi ke nan jingina ta tafi. Ba haka ba ne. Mai tantancewa da ya ɓace na yini ɗaya yana rasa ladan yinin, a kuma cire masa kwatankwacin abin da da ya samu. Ƙaramin rauni ne da ke warkewa. Duk da haka, a wurin da wutar lantarki ke zuwa yadda ta ga dama, kamar yadda muka saba a garuruwanmu, mai son ajiye na'ura a gida sai ya tanadi wutar sola da batura da layin intanet biyu, kuma kuɗin waɗannan yana iya cinye ladan shekara.

Babban horo shi ne zaftarewa, kuma laifin da ke jawo shi shi ne baki biyu: mai tantancewa ya rubuta shafi biyu masu saɓani a gurbi ɗaya, ko ya ba da shaidu biyu masu karo da juna. Wanda aka kama ana korarsa daga aiki, ya shafe kimanin kwana 36 kafin ya sami fita. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda aka zaftare ba 'yan damfara ba ne. Masu tsoron mutuwar na'ura ne, suka ɗora mabuɗi ɗaya a kan na'ura biyu domin in ɗaya ta tsaya ɗaya ta ci gaba, sai duka biyun suka yi magana a lokaci guda. A Fabrairun 2021 an zaftare masu tantancewa 75 na kamfanin Staked saboda kuskure mai kama da wannan, kamfanin kuma ya ɗauki alhakin abin.

Yanzu ga wurin da masanin halittu zai gyara zama. Girman zaftarewa ya dogara ne ga yawan waɗanda suka yi laifi tare. Bayan kimanin kwana 18 ana duba jimillar jinginar da aka zaftare a tsakanin, a ninka kasonta sau uku, a cire wa kowane mai laifi wannan kaso. In kashi 1 cikin 100 na jingina ne ya yi laifi, kowa ya rasa kashi 3. In kashi 10 ne, kowa ya rasa kashi 30. In ya kai kashi ɗaya cikin uku, kowa ya rasa jinginarsa ɗungurungum. Wanda ya yi kuskure shi kaɗai ya sha da sauƙi, wanda ya yi shi cikin taro ya halaka.

Gona mai iri ɗaya

Dalilin wannan ƙa'ida sananne ne a ilimin halittu. A 1845 wata cuta mai suna Phytophthora infestans ta faɗa wa dankalin ƙasar Ayilan, inda talakawa suka dogara ƙwarai ga iri ɗaya. Da yake dankali da 'ya'yansa ake dasawa, kowane tsiro kwafin ɗan'uwansa ne, abin da ya kashe ɗaya zai kashe duka. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu a yunwar da ta biyo baya. A 1970 kuma wata cutar ganye ta lalata kimanin kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, domin fiye da kashi 80 na ingantaccen irin da aka shuka ya gaji rauni guda daga tushe guda. Manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya bai karanta wannan tarihi ba, amma dabararsa maganin wannan ciwo ce.

Masu tantancewa ma suna da nasu irin, watau manhajar da suke aiki da ita. Ƙungiyoyi daban-daban suka rubuta manhajojin Ethereum, kowace da nata kurakurai. A ranakun 11 da 12 ga Mayu, 2023 littafin ya kasa buga hatimi har sau biyu, na farko na kimanin minti 25, na biyu na fiye da awa ɗaya, saboda matsalar da ta sami manhajojin Prysm da Teku. Cinikayya ba ta tsaya ba, domin masu amfani da sauran manhajojin sun ci gaba da aiki. A Janairun 2024 kuskure a manhajar Nethermind ya tsayar da kimanin kashi 8 cikin 100 na masu tantancewa na 'yan sa'o'i. Abin da ya tayar wa masana hankali a lokacin shi ne, wata manhaja mai suna Geth tana ɗauke da fiye da kashi 80. Da ita ce ta yi kuskuren, da masu amfani da ita sun isa su buga wa shafin ƙarya hatimi, sa'an nan komawa kan gaskiya ya zame musu baki biyu. Wurin ajiye na'ura ma iri ne: a Nuwamban 2022 kamfanin Hetzner na Jamus ya toshe na'urorin Solana da ke haya a wurinsa, masu tantancewa fiye da 1,000 suka ɗauke a lokaci ɗaya.

A nan ne nake ganin kalmar keɓancewa tana yaudarar mutane. Kamfanin da ya keɓe maka mai tantancewa ya keɓe lissafinka ne, ladanka da tararka ba su gauraya da na kowa ba. Amma in yana tafiyar da wasu dubbai a ɗaki ɗaya, da manhaja ɗaya, a hannun ma'aikata ɗaya, to ƙaddararku ɗaya ce. Shanunka suna da shaidarka a jikinsu, amma mashayarsu ɗaya da ta garken da ciwon huhu ya shiga. Kuma in abin ya faru, kai kaɗai za ka ɗauki asararka, sai fa in akwai alkawarin biyan diyya a rubuce. A tarayya kuwa asarar masu tantancewa ashirin ana watsa ta a kan dubban mutane har ba a jin ta. Lido ta rarraba jinginarta a hannun kamfanoni fiye da 30 saboda wannan dalili.

Sai dai tarayya tana da nata ciwon, kuma ya fi shafar jama'a baki ɗaya. Manhajar da ke riƙe da kuɗin kowa ita kanta iri ɗaya ce, ɓaraka ɗaya a cikinta ta isa. Bugu da ƙari, a 2023 rabon Lido ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na dukan ETH da aka jinginar. Mai karatu ya tuna cewa hatimi yana bukatar kashi biyu cikin uku, saboda haka duk wanda ya wuce kashi ɗaya cikin uku yana iya hana a buga shi. Kowane mai ɗan kuɗi da ya bi babbar tarayya ya yi wa kansa dabara, amma in kowa ya yi haka sai a wayi gari 'yan leƙen asiri kaɗan ne ke yi wa dukan taron rawa. Wasu tsare-tsaren sun nemi maganin wannan tun daga tushe. A Cardano, tarayyar da ta wuce wani mizani ladanta ba ya ƙaruwa, domin a tura mutane zuwa ƙanana. Can kuma kuɗin mutum ba sa barin jakarsa, babu kuma zaftarewa. A Cosmos kuwa wanda ya wakilta mai tantancewa yana shan horo tare da shi, kashi 5 cikin 100 in an yi baki biyu, fita kuma tana ɗaukar kwana 21. Akwai ma sabuwar dabara ta Obol da SSV, inda ake tsaga mabuɗin sa hannu, a ce gida huɗu, a raba wa na'urori huɗu a wurare daban, sai uku sun haɗu sa hannu ke tabbata.

Ƙofar fita

Daga Disamba 2020 har zuwa 12 ga Afrilu, 2023, wanda ya jinginar da ETH ba shi da hanyar cire shi. Yanzu akwai, amma layi ake bi, domin tsarin ya ƙayyade yawan jinginar da za ta fita a kowane zagaye. Wani lokaci layin ba ya ɗaukar yini, amma a Satumban 2025 jira ya wuce kwana 40. Mai keɓantaccen mai tantancewa dole ya bi wannan layi. Mai riƙe da shaidar ajiya yana iya sayar da ita nan take, sai dai a farashin da kasuwa ta yanka. A Yunin 2022, da tsoro ya kama mutane, an sayar da stETH da ragin kimanin kashi 5 cikin 100 a kan ETH, watau fiye da ladan shekara guda a wancan ƙiyasi na kashi 3.

Ga hukumar da ke juya dukiyar jama'a, wadda doka ta wajabta mata nuna inda kowane kwabo yake, keɓantaccen tsari ya fi dacewa, da sharaɗin ta riƙe mabuɗin cirewa, ta raba masu tantancewarta tsakanin kamfanoni biyu ko uku, ta kuma tambayi kowannensu wace manhaja yake amfani da ita, a ina na'urorinsa suke. Pectra ya sauƙaƙa wa irin waɗannan, domin mai tantancewa ɗaya yanzu yana iya ɗaukar har ETH 2,048. Malamin makaranta mai ɗan abin da ya tara kuwa, tarayya ce kawai ke gabansa. Rocket Pool tana karɓar ko da ETH 0.01. Shawarata gare shi ita ce ya fifita tarayyar da ke bar masa shaidar ajiya a jakarsa a kan wadda ke riƙe komai, kuma kada ya zuba abin da rashinsa zai hana gidansa cefane, tun da haja ce da farashinta ya ninka fiye da sau uku cikin wata biyar, yana kuma iya yin akasin haka.

Wajibi ne kuma a faɗa wa ɗalibai wani abu a fili, domin su ne aka fi farauta ta wayoyinsu. Kalmar jingina ta zama rigar da 'yan damfara ke sawa. A Afrilun 2025 dandalin CBEX, wanda ya yi wa mutane alkawarin ninka kuɗinsu cikin kwana 30, ya rufe da dukiyar 'yan Nijeriya masu yawa, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Mai tantancewa na gaskiya a Ethereum yana da lamba, kuma kowa yana iya shiga intanet ya ga ranar da aka kafa shi, da shaidun da ya bayar, da waɗanda ya ƙetare, da ko an taɓa zaftare shi. Duk wanda ya ce yana jinginar maka da kuɗi, nemi wannan lamba, sa'an nan ka gwada ladan da ya ambata da kashi 3 cikin 100 a shekara.